Muhawara: A ina ya fi dacewa a ɗaura dogon jak a jikin mota a nan Legas?

Mai Gonar Epe:
Assalamu alaikum. Ina yi wa shugabannin wannan zaure da sauran 'yan'uwa fatan alheri. Ina da Prado 120 wadda nake shiga gona da ita can bayan Epe, kuma wanda ya san yankin ya san cewa da zarar an sauka daga kwalta, daga watan Mayu zuwa Yuli hanyar ba ta da tabbas, domin wani wurin yashi ne mai zurfi, wani wurin kuma laka ce da manyan motocin ɗibar yashi suka riga suka kwaɓe. Wannan ne ya sa na sayi dogon jak ɗin nan na Hi-Lift mai inci 48 a kasuwar kayan mota ta Ladipo. Tsawonsa ya haura mita ɗaya, nauyinsa ya kai kusan kilo 13, kuma a yanzu yana kwance a but yana ta ƙara, yana goge bayan kujera. Da wannan motar nake kai yara makaranta a Agege, don haka hankalina bai kwanta da zamansa a ciki ba. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa ɗaura shi a waje: a bambar gaba ya fi, ko a kan kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya na saman rufi, ko kuwa a jikin safaya da ke ƙofar baya?

Baba Direba:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sa albarka a gona. Kafin a yi maganar inda za a rataye shi, ina so ka fita ka zagaya motar ka gaya mana inda za ka soka bakin jak ɗin idan ta kafe. Na yi shekaru ina tuƙa Land Cruiser ta kamfanin aikin hanya, kuma abin da ya sa wannan jak yake yi mana amfani shi ne motocin suna da bamba ta ƙarfe gaba da baya. Prado ɗinka, idan ba ka sauya komai ba, bambarta roba ce, matakin gefe kuma an yi shi ne don ƙafar mutum, ba don ya ɗauki nauyin mota ba. Idan ka sa jak a can, bamba za ta yage, matakin ya lanƙwashe ya daki ƙofa, motar kuma tana nan zaune a cikin laka. Na ga motoci da dama a Lekki da jan jak ɗaure a baya, alhali babu wuri ko ɗaya a jikinsu da zai iya kamawa.

Mai Gonar Epe:
Allah ya ƙara girma, Baba. Bamba da matakin duk na asali ne. Amma mai shagon ya haɗa mini da wasu ƙugiyoyi biyu masu bel da ake maƙalawa a ramukan rim, ya ce da su ake ɗaga tayar kai tsaye.

Injiniya Obalende:
Alhaji, abin da aka ba ka shi ne kamfanin yake kira Lift-Mate, kuma ga irin aikinka ya wadatar, har ma ya fi ɗagawa ta bodi. Dalili kuwa, idan ka ɗaga bodin jif, sifirin da shokozoba suna ta miƙewa, tayar tana nan a ƙasa, sai ka yi sama sosai kafin ta rabu da laka, kuma duk yadda jak ya yi sama haka yake ƙara layi. Idan ta taya ka ɗaga, da ɗan ɗagawa kaɗan za ka samu wurin cusa katako ko duwatsu a ƙarƙashi. Sai dai ba za ka iya canza taya da shi ba, tunda tayar ce take rataye a jikinsa, saboda haka kada ka fitar da ƙaramin jak na asali daga motar.

A kan batun fitar da shi daga but kuwa, ina tare da kai, kuma ga lissafin. Motar da take gudun kilomita 50 a awa, idan ta yi karo ta tsaya cak cikin rabin mita, duk abin da yake cikinta yana fizgar maɗaurinsa da ƙarfin da ya kai kusan ninki 20 na nauyinsa. Ke nan jak mai kilo 13 zai yi gaba tamkar abu mai kilo 260, kuma kujerar yara ce a gabansa. Amma wannan lissafin bai tsaya a cikin mota ba, yana bin jak ɗin duk inda aka kai shi. Wanda ya ɗaure shi a kan kariya da robar tsohon tiyub, ko da igiyar nan mai ƙugiya da ake ɗaure kaya a babur, bai rage haɗarin ba, ya dai mayar da shi kan motar da ke gabansa.

Ɗan Idi-Araba:
Da izinin manya. Ni Wrangler gare ni, kuma a kan bonet na ɗaura nawa, a gindin gilashin gaba, da maɗaurin da ake sayarwa musamman don hakan wanda yake kama notunan hinjin bonet. Ina ganinsa a kowane lokaci, hannuna yana kai wa gare shi ko da motar ta nutse har bamba, kuma gaskiya yana ƙara wa motar kwarjini. Me zai hana Alhaji ya yi haka?

Baba Direba:
Ɗana, hinjin bonet na Wrangler a waje yake, shi ya sa aka samu abin kamawa. Na Prado a ciki yake, bonet ɗin kuma falle ne mara kauri, sai dai a huda shi. Ban da wannan, ni dai ba na son ƙarfe mai kilo 13 a kwance tsakanina da hanya, a daidai saitin fuskata. Batun kwarjini kuma mu bar shi, domin laka ba ta duba shi.

Mai Walda Owode:
Salamu alaikum jama'a. Tunda aikina ne, bari in faɗi abin da nake gani a shago. Mafi yawan masu jif da suke zuwa wurina suna son a ɗaura musu a jikin safaya, domin ya fi kyau a ido kuma ya fi araha: faranti ɗaya na ƙarfe a kan notunan da suke riƙe da tayar, sai noti biyu su fito su ratsa ramukan sandar jak ɗin. Aikin ba ya ɗaukar wuni. Matsalar da ba a gani sai daga baya ita ce, ƙofar bayan Prado ta gefe take buɗewa, hinji ne kawai suke ɗauke da ita, kuma tuni tana ɗauke da taya da rim. Idan ka ƙara jak a bayan tayar, nauyin ba a jikin ƙofar yake ba, yana can nesa da ita, to duk ramin da motar ta faɗa sai ya fizgi hinjin da ƙarfin da ya fi nauyinsa. A hankali ƙofar take sauka, sai ka ji tana gogar makulli, sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu, daga nan bodin ya fara tsagewa a kewayen notunan da ke riƙe da mazaunin safaya. Wanda ya ƙara girman taya shi ne ya fi saurin ganin haka.

Abin da nake ba da shawara ga wanda yake da hali shi ne bambar baya ta ƙarfe wadda take kama shasi, da hannu mai buɗewa wanda safaya da jak za su zauna a kansa. A nan ƙofa ta huta gaba ɗaya, kuma an samu wurin soka bakin jak kamar yadda Baba ya nema. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma tana ƙara wa bayan mota nauyi, har wani lokaci sai an sauya sifirin.

Hajiya Mai Kaji:
Assalamu alaikum. Ni ban san lissafin Injiniya ba, amma ina da Hilux da take zirga-zirga tsakanin gonar kajina a hanyar Badagry da kasuwa, kuma akwai abin da har yanzu ban ji an ambata ba. A garin da ake cire madubin mota tana tsaye a cikin gosulo, direba yana zaune a kan sitiyari, ta yaya za a rataye kayan kuɗi a bayan mota da noti mai kunne wanda ake kwancewa da hannu? Namu an ɗaura shi ne a bayan a-kori-kura, a jikin ƙarfen da ke bayan gidan direba, kuma direban yana ganinsa ta madubi, duk da haka sai da muka sa masa kwaɗo. Wanda yake bayan safaya kuwa ba ka ganinsa ko kaɗan. Ka shiga cunkoson Mile 2 ko na Oshodi da magariba, kafin ka kai gida sai dai ka tarar da faranti.

Mai Walda Owode:
Gaskiya ne, Hajiya, ranki ya daɗe. Maganinsa shi ne a huda ƙarshen noti ɗaya a sa ƙaramin kwaɗo bayan an ɗaure, yadda noti mai kunnen ba zai fita ba. Amma sandar kawai kwaɗon yake tsarewa. Gindin jak ɗin fil ɗaya ne yake riƙe da shi, kan da ke saman sandar kuma noti ɗaya ne, kuma idan aka cire ɗayansu injin da yake hawa da sauka yana zarewa daga sandar. Don haka a daidaita notunan biyu ta yadda injin zai kasance a tsakaninsu, ba zai zare ta sama ko ta ƙasa ba. Yawancin masu walda ba sa lura da wannan.

Ɗan Idi-Araba:
To ai kariya ta warware duka biyun. Ɓarawo ba zai hau rufin mota a cikin gosulo ba, ƙofa kuma ba ta ɗauki komai ba.

Injiniya Obalende:
Ta warware biyu, ƙanena, amma ta kawo nata. Littafin kowace mota yana faɗin iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka a tafiya, kuma nauyin ita kanta kariyar yana cikin wannan adadi, saboda haka Alhaji ya duba nasa kafin ya ɗora komai. Kilo 13 ba shi ne zai kifar da Prado ba, amma ba ya zama shi kaɗai. Gobe an ƙara jarka, jibi an ƙara buhun taki, kuma nauyin da yake sama shi ne yake sa mota karkata a hanyar da ƙafa ɗaya take cikin rami. Sannan akwai tsawo. A auna motar da jak ɗin a kanta, domin ƙofofin unguwanni masu shingen ƙarfe a sama da wuraren ajiye motoci na cikin manyan gine-gine a Victoria Island da Ikeja ba sa yin rangwame. Idan a gefen kariyar aka kwantar da shi maimakon a samanta, an rage wannan matsalar.

Abu na uku shi ne saukar da shi. Jak ba a nemansa sai mota ta karkace, tayoyi sun yi laka, takalmi yana santsi. A wannan hali ne mutum zai taka taya ya miƙa hannu ya ciro ƙarfe mai tsawon mita 1.2 daga saman kansa. Idan an ɗaura shi a gefe, a daidai inda hannu zai kai daga ƙasa, abin da sauƙi.

Ga mai walda kuma ina da ƙarin bayani. Idan kariyar ta alminiyam ce, notin kuma na ƙarfe, haɗuwarsu a cikin damshi mai gishiri tana cinye alminiyam ɗin a kewayen ramin, har wata rana notin ya yi sako-sako ba tare da an taɓa shi ba. A raba su da washa ta roba. Notin da zai ratsa sandar ya zama mai kauri milimita 12, a sa biyu ba ɗaya ba, kuma waɗanda suke riƙe da farantin su zama masu robar nan a ciki da ba sa kwancewa da girgiza.

Baba Direba:
Injiniya ya taɓo gishiri, kuma a ganina nan ne asalin maganar take ga mazaunin Ikko. Mu da muka zo daga Arewa mun saba da ƙura: ka bar ƙarfe a waje a Kano ko Sakkwato tsawon rani, ka kaɗe shi ka ci gaba da aiki. A nan iskar teku tana ɗauke da gishiri, damina biyu ce a shekara, kuma ko ba a yi ruwa ba raɓar asuba tana jiƙa komai. Wannan jak ba shi da mai a cikinsa kamar mai kama da kwalba. Fil biyu ne masu ƙananan sifirin suke shiga ramukan sandar suna fita bi da bi, da haka yake hawa. Idan tsatsa ko yashi ya riƙe fil ɗaya, ko dai ya ƙi hawa, ko kuma, abin da ya fi muni, ya hau lafiya ya ƙi sauka, mota tana rataye a sama, dare yana yi a bayan Epe. Ga wanda yake bin hanyar Lekki zuwa Epe kullum, kusa da teku, barin wannan injin a buɗe a waje bai dace ba ko a ina aka ɗaura shi.

Kuma wannan ne ya sa ba na goyon bayan bambar gaba da Alhaji ya fara ambata. Nan ne duk ruwan kwata da caɓi suke fara sauka, yana tare iskar da take shiga lagireto a garin da mota take yin awanni a tsaye injin yana aiki, kuma ranar da hancin motar ya nutse, jak ɗin yana ƙarƙashin lakar da kake son fita daga cikinta.

Hajiya Mai Kaji:
Baba, ga kuma masu talla da suke ratsawa tsakanin motoci, da yara masu goge gilashi. Ƙarfe mai kaifi a gaban mota a daidai gwiwar mutum, ko ba a yi gudu ba zai ji wa wani ciwo. Direbana yana lulluɓe injin namu da riga da wani mai ɗinkin kujerun mota ya ɗinka mana da tamfol, kuma yana fesa masa mai duk lokacin da ya wanke motar.

Injiniya Obalende:
Rigar tana da amfani, Hajiya, matuƙar an bar ƙasanta a buɗe don ruwa ya tsiyaye, domin wadda aka ɗinke ruf tana riƙe damshi, sai ta fi rashinta ɓarna. Man kuma ya zama mara kauri irin na feshi, kamar WD-40 da makamantansa. Giris mai kauri yana tara yashi a jikin fil ɗin. Idan an riga an shiga daji ya ƙi motsi saboda laka, ruwan jarka ma yana sakin sa na ɗan lokaci.

Tunda an zo nan, bari in faɗi adadin da kamfanin ya bayar, domin akwai na kwaikwayo da yawa a kasuwa masu kama da shi. Na asali kamfanin Bloomfield ne yake yin sa a jihar Indiana ta Amurka, kuma tun 1905 ake ƙera irinsa. Nauyin da aka amince ya ɗaga shi ne kilo 2,113, an gwada shi har kilo 3,175, kuma akwai noti na musamman a jikinsa da aka yi don ya karye idan an wuce wannan iyaka. Idan ya karye, kada a maye shi da notin kasuwa mai ƙarfi, domin daga nan sandar ce za ta lanƙwashe. Sannan yana buƙatar nauyin aƙalla kilo 68 a kansa kafin ya sauka taki-taki. Idan nauyin ya gaza haka, da an juya makunnin da ke sauya shi daga hawa zuwa sauka, injin zai zube ƙasa gaba ɗaya.

Ɗan Idi-Araba:
Wannan na ƙarshe yana shafar ɗaurawa ma, Injiniya. Wanda ya tsayar da shi a tsaye a bayan mota, ya bar makunnin a wajen sauka, injin zai iya zubowa a kan yatsunsa lokacin kwancewa.

Baba Direba:
Madalla, ɗana, wannan ka faɗi daidai. A bar makunnin a sama koyaushe. Hannun jak ɗin kuma a ɗaure shi da sandar, akwai robar da ake sayarwa don haka, in babu bel ma ya isa, in ba haka ba ƙararsa za ta hana ka jin komai daga Ajah har Epe, kuma yana iya zarewa ya faɗi a titi. Wannan hannun dai shi ne abin tsoro a lokacin aiki. Idan ana saukar da mota, nauyinta yana tura shi sama da ƙarfi, idan ya kuɓuce yana kaɗawa da kansa, kuma ya sha karya haƙora da muƙamuƙin mutane. Kai ba ya shiga tsakanin hannun da sandar, ba a shiga ƙarƙashin mota tana kansa, kuma a tare sauran tayoyin da dutse kafin a fara.

Shugaban Zaure:
Muna godiya ga kowa. Ina tunatar da Alhaji abu ɗaya da ya shafi doka: duk inda za a ɗaura shi, kada ya rufe lambar mota, ko fitilar birki, ko ta sigina, kuma kada ya zarce faɗin motar. Jami'an FRSC, wato hukumar kiyaye haɗurra, suna da hurumin tsayar da motar da lambarta ba ta karantuwa, kuma a nan ba za ka samu abin cewa ba. Mai inci 48 yana shiga cikin faɗin Prado a kwance ba tare da matsala ba. Alhaji, me ka yanke?

Mai Gonar Epe:
Na gode, Shugaba, na gode wa Baba, Hajiya, Injiniya da sauran 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Bambar ƙarfe ba ta cikin lissafina a bana, kuma bayanin hinji ya sa na janye daga ƙofar baya. Maganar Malam mai walda cewa injin yana zarewa daga sandar ta ba ni wata dabara, ina so a gaya mini ko tana da illa. Sandar da hannun, waɗanda su ne suke da tsawo kuma ba abin da tsatsa za ta hana su yi, a kwantar da su a gefen kariya da noti biyu da kwaɗo. Injin da gindin da ƙugiyoyin taya kuma in sa su a jaka, in ɗaure ta da bel a ƙugiyoyin da ke ƙasan but, tare da guntun katako mai kauri da zan riƙa shimfiɗa wa gindin a kan yashi. Ranar da ba gona zan je ba, jakar ta zauna a gida.

Mai Walda Owode:
Ana yin haka, Alhaji, kuma yana aiki. Illarsa ita ce haɗawa tana ɗaukar mintuna, kuma fil ɗin gindin ƙarami ne, idan ya faɗi a yashi ba za ka same shi ba, don haka ka ajiye wani a aljihun mota. Ka gwada haɗawa da kwancewa a tsakar gida har hannunka ya saba, ka kuma sa wa saman sandar alama da fenti don kada ka zura injin a juye. Ramukan sandar ma suna tara tsatsa, a riƙa goge su da burushin waya. Kafin a yanka ƙarfe ina buƙatar sanin ko kariyar taka ta ƙarfe ce ko ta alminiyam, da kaurin bututun gefenta, da kuma yadda ƙafafunta suka kama rufin, domin idan irin mai maƙalewa da roba ce, ita za a fara sauyawa. Ka turo hotonta daga gefe da daga sama.

Mai Gonar Epe:
Ta ƙarfe ce, kuma da noti take kama rufin. Zan auna bututun in turo hotunan gobe da safe, in Allah ya kai mu.